Jikata Tana Kwance a Kan Layinku

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Hukumar Shata Iyakoki da Raba Nahiyoyi,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da jinjina ga rularka wadda ba ta taɓa karkacewa ba, ni ne mai gidan burodin nan na bakin kogi, wanda ma'aikatanka suka karrama bara da layin jan fenti. Sun shigo da shi ta ƙofar shago, suka bi tsakanin teburin kwaɓi da tanderu, suka ratsa tsakar gida, suka shimfiɗe shi a kan dokin ƙofar ɗakin da 'yata da mijinta suke zaune. Suka ce dama nahiyar gabas ce, hagu ta yamma. Yanzu kuma na ji wata mai zuwa za a gina katanga a kan layin. A kan haka nake roƙon aron hankalinka.

Na ɗaya, mun tashi da sanin kogi ne iyaka. Malamin makarantarmu ya koya mana, har da bulala, cewa Allah ne ya raba nahiyoyi da ruwa da duwatsu. Ma'aikatanka suka ce kogin ba shi da alƙawari, kowace damina sai ya sauya makwanci, shi ya sa manyan ƙasashen biyu suka zauna a ɗaki mai sanyi suka ja nasu layin. To wa za mu bi? Kogi ya ce ni ɗan gabas ne gaba ɗayana, fenti ya ce ya danganta da inda na tsaya. Bulalar da na sha kuma, wa zai fanshe mini ita?

Na biyu, burodina. A yamma nake kwaɓa shi, in gasa a gabas, in dawo da shi kan kantar shago a yamma. Jami'in kwastan da kuka ajiye mana a kan benci, mutumin kirki ne, amma ya rasa ko kayan waje ne ko na gida. Don ya tabbatar, kullum sai ya ɗanɗana. Har yau bincike bai kammala ba, sai dai maɓallin wandonsa ya daina rufuwa.

Na uku, uwargida. Tun da aka ja layin, da zarar mun sami saɓani sai ta tsallaka ɗaya ɓangaren ta riƙe ƙugu ta ce, "Malam, in kana da magana ka bi ta ofishin jakadanci." Shekara da shekaru muna tare, ashe 'yar ƙasar waje nake aure ban sani ba.

Na huɗu, kishin ƙasa ya yi araha a gidana. Surukina, direban babbar mota, idan ƙasashen biyu suna buga ƙwallo, jan kujerarsa yake yi zuwa ɓangaren da ke cin wasa. Wannan irin ɗan ƙasa kuke son ƙerawa?

Na biyar, kuma a nan dariya ta ƙare. Ɗakin 'yata ƙofa ɗaya gare shi, ita ce a kan layin. Idan katanga ta tashi, uwarta sai ta nemi fasfo kafin ta kai mata ruwan zafi. Wallahi abin yana hana ni sukuni.

Makon jiya da hantsi naƙuda ta kama 'yar tawa. Mijinta ya ce a gabas za a haihu, uwarta ta ce sam, a yamma. Ana cikin musu, an riƙo ta za a fito da ita, abin cikin ya gaji da siyasa ya yanke wa kansa hukunci a kan dokin ƙofa. Ungozoma ta ɗago tana share gumi ta ce, "Kai a gabas, ƙafafu a yamma. Ni dai na gama nawa, sauran sai hukuma." Mace ce, lafiyayya, mai murya kamar ta kakarta.

Da yake mu masu bin doka ne, ba mu so mu ɓata wa kowace ƙasa rai ba, sai muka ajiye ɗan gadonta a nan kan fentin. Saboda haka, ranka ya daɗe, ka turo magina da bulo da siminti, ba za mu hana ba. Alfarma ɗaya nake nema: ka zo da kanka ka ɗauke ta daga kan layin, ka faɗa mata wane ɓangare ne nata, na uwarta ko na kakarta. Sai dai in gargaɗe ka, idan ta damƙi yatsa ba ta saki. Jami'in kwastan ya gwada, yau kawunta yake kiran kansa.

Burodi mai zafi yana jiranka, daga nahiyar da ka fi so.

Naka mai biyayya ta gabas da ta yamma,

Mai Burodin Bakin Kogi,
kakan 'yar kan layi.