Likita Badaru Mai Hana Faɗuwa

A duk ƙasar Gumel ba a taɓa yin masanin ƙashi kamar Malam Badaru ba, shi da kansa ma ya sha faɗin haka. Ma'aikacin ɗakin shan magani ne a wani ƙauye kusa da Ɗanzomo. A 1996 aka tura shi bitar kwana uku a Kano, ya dawo da tabarau da kwali biyu na ƙwayar bitamin D. Tun daga ranar ya daina amsa gaisuwar duk wanda bai ce masa Likita ba.

Da tsakar rana ya tara tsofaffin matan garin a fili, shi yana ƙarƙashin laima.

"Iyayena," in ji shi, "kimiyya ta gano cewa ƙarancin wannan sinadari ne ke kayar da ku har ku karye."

Iya Sauda mai daddawa ta ce, "Likita, a ina ake samunsa?"

"A hasken rana."

Ta dubi rana, ta dubi laimar, ta karɓi ƙwayarta ta yi godiya.

Bayan wata biyu Iya Husainatu ta zame a taɓon bakin rijiya, ta karye a ƙugu. Mata suka roƙe shi ya rubuta wa ƙaramar hukuma a zuba siminti a wurin. Ya ce shi ba magini ba ne. A rahotonsa kuwa ya rubuta cewa ba faɗuwa ta yi ba, zama ta yi cikin gaggawa. Da haka ƙauyen ya cika wata shida babu faɗuwa ko ɗaya.

Rahoton ya burge manya a Gumel, suka turo wata jami'ar lafiya, Madam Cecilia, ta gani da idonta. Badaru har ya hango kansa a ofis mai fanka. Ya jera mata tsofaffin, ya koma gefe ya harɗe hannu.

"Mama, ya kuka ga maganin?" in ji Madam.

"'Yata, babu kamarsa," in ji Iya Sauda. "Allah ya saka wa Likita."

Badaru ya gyara tabarau.

Iya Sauda ta ci gaba, "Dakawa muke yi mu zuba wa kaji a dusa. Ɓawon ƙwansu ya yi ƙwari, har kasuwar Maigatari muke kai shi a bayan mota, ko ɗaya ba ya fashewa."

Madam ta daɗe tana rubutu.

Bayan sati uku takardar da Badaru yake jira ta iso. An yaba da ƙwazonsa, an mayar da shi sashen kula da dabbobi.