Marin Gwaggo Hure

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka kawo lefen ɗiyata ta fari (sunanta ba ya fita a bakina, kun san al'ada). Muna Kurfi, dangin ango kuma daga Dutsin-Ma suka taso, Gwaggo Hure, yayar uban ango, ita ce ja-gaba. An riga an ja mini kunne: matar nan in ranta ya ɓaci, da kayanta take komawa.

Lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, kuma a makon malamarmu ta nuna mana hoton sauron da ke kawo zazzaɓi, an zana shi ƙato, ƙafafu zalo-zalo. Tun daga nan na rasa sukuni. Kome ya gifta sai in kai hannu.

Ni da ya kamata in lafe a ɗaki don kunya, zama ya gagare ni. In leƙa, in koma, in sake leƙowa. Ƙarshe dai na fake da kai fura.

Ina durƙusawa na ga wani ƙwaro a wuyan Gwaggo. Ɗan siriri, launin busasshiyar ciyawa, ƙafafu dogaye masu ƙaya-ƙaya, ya naɗe fikafikai ya miƙe su gefe da gefe kamar makiyayi da sanda a kafaɗa. Zuciyata ta ce, uban sauraye!

Tas!

Mai guɗa ta haɗiye guɗarta.

"Uwar ɗiya," in ji Gwaggo tana shafa wuya, "da mari kuke tarbar baƙi a Kurfi?" Ta dubi matan da suka rako ta. "Ku rufe lefen."

Na buɗe mata tafin hannuna. "Sauro ne, Gwaggo." Ko ɗigon jini babu, sai ɗan gari-gari, da fiffike ɗaya da ya warware, a rarrabe kamar gashin ɗan tsako.

Ta jawo hannun kusa da idonta, ta daɗe tana kallo (ni kuwa ina roƙon ƙasa ta tsage).

"Wannan? Asun duma ne, ɗan'uwan malam-buɗe-littafi, baiwar Allah! Tsutsarsa ke cin furen duman da ke kan dangarki. Ko jinjiri ba ya cizo." Sai kafaɗunta suka fara rawa da dariya. "Ku buɗe. Ɗiyar gidan nan ba ta barin sauro ya ci ɗanmu. Ke kuma koma ɗaki."

An yi biki lafiya. Amma har ta bar duniya, in na je gaishe ta sai ta ja mayafi ta rufe wuya, ta ce, "Daga nan ma ina jin ki."

Ni dai na koyi abu guda: abin da ka gani a jikin suruki, ko kunama ce, da baki ake faɗa.