Mai Ɗaukar Tire Ya Samu Ƙarin Girma

Wani ne surukarsa ta ishe shi da gori, wai shekara bakwai yana auren 'yarta ko kujera bai ƙara a ɗaki ba. Abin yana ci masa rai ƙwarai. Sai ga masu shirya fim suna neman mutane. Fim ne na zamanin da, labarin wani attajiri da dangi ke ƙulla wa makirci saboda dukiya. Gogan naka ya shiga layi, aka ɗauke shi a matsayin bara. Kafin ya isa gida ya baza wa kowa cewa shi ne jarumi.

Aikinsa ɗaya ne, ya shigo da tire, ya ajiye kofi, ya fita. A labarin, ƙanen attajirin ya zuba guba a kofin.

Darakta ya ce a fara. Mutumin ya shigo ya durƙusa, ya ce, "Ranka ya daɗe, kada ka sha! Da idona na ga ƙanenka ya barbaɗa wani abu."

"A tsaya!" Darakta ya daka tsawa. "Wa ya ce ka yi magana?"

"Yallaɓai, ai ta haka bara yake zama na hannun dama."

Aka sake. Wannan karon bai ce uffan ba, amma yana ajiye kofin ya sa gwiwar hannu ya ɓarar da shi, ya kashe wa attajiri ido ɗaya. Sau tara ana sakewa, attajiri ya kasa mutuwa.

Darakta ya ja shi gefe, ya dafa kafaɗarsa. "Malam, kuskurena ne. Irinka ya wuce ɗaukar tire. Kai ne mahaifin attajirin, mai dukiyar gaba ɗaya. Kowa a kanka zai yi kuka."

Aka sa masa kaya na alfarma, aka kwantar da shi a ƙaton gado, aka ja mayafi har kansa. Daɗi kamar ya kashe shi. Ko tari bai yi ba.

Ranar da fim ya fito ya tara gidan kaf a gaban talabijin, suruka a kujerar gaba. Aka nuno dangi suna ta kuka a kan gawa, ƙafafu biyu sun leƙo daga mayafi.

Ya miƙe zumbur. "Inna, ga ni nan! Gidan nan, dawakan nan, duk nawa ne!"

Tsohuwa ta gyara tabarau, ta ƙura wa ƙafafun ido, sannan ta juya wajen 'yarta.

"Ke, ashe shi ko a fim sai ya mutu yake arziki?"