Ranar da Na Zama Kyaftin a Falona

Da yake karatuna bai yi nisa ba, 'yata Safiya ce ke karanta mini littafin da ta aro a madarasa, tana juya mini shi da Hausarta mai ɗingishi. Labarin 'yan fashin teku ne, da wani kyaftin da ba ya barin jirgi sai kowa ya tsira. Mutumin nan ya shiga raina. Har cewa nake, da ni ce, da na fi shi.

Ran nan a gidanmu na unguwar Harra ta Yamma, muka farka daga barcin rana muka tarar ruwa yana cin sabon kafet. Wallahi ban firgita ba. Na ci ɗamara, na ɗora surukata Hajiya kan kujera, na raba wa yara bokiti da tukwane.

"Ba mai gudu," na ce. "Ni ce ƙarshen fita."

Muna kwasa, ruwa na ƙaruwa. Safiya ta ce, "Ummi, bari in leƙa hammam," wato banɗaki. Na ce ba mai motsawa sai da izinin kyaftin.

Sai ga maigida ya dawo daga La'asar. Ya tattare rigarsa, ya wuce ciki. Muka ji ƙiii, teku ta tsaya. Ashe famfon da na bari buɗe ne da safe, da aka ɗauke ruwa.

Bai yi faɗa ba. Ya karɓi bokitin hannuna ya ce, "Sannu da aiki, ya Kyaftin."

Yau Safiya ma ta tara 'ya'ya, jikokina masu kirana Sitti. Ko shayi ne ya zube, sai su ƙame a gabana: "Sitti, mu kawo bokiti?"