Sarkin Ruwan Lewisham

Mun taso daga unguwarmu Lewisham mun yi hayar ƙaramin jirgin ruwa zuwa wani tsibiri, sai mai jirgin ya ce a jira iska ta lafa. Na tuntsire da dariya.

"Ni fa ɗan Yauri ne," na ce wa abokaina. "A bakin kogi aka yanke mini cibiya."

Na shige jirgin na hakimce. Jirgi ya fara rawa. Na runtse ido, na ƙanƙame benci, ina ta salati.

Can na ce wa abokina, "Sani, mun kusa?"

Daga gaɓa ya amsa: "Malam, ko igiya ba a kwance ba."

Har yau, in na shiga masallaci ranar Juma'a, sai an matsa: "A ba Sarkin Ruwa bango, kada jiri ya kwashe shi."