Ranar da Na Soya Digirin Ƙanena

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Farfesa ya zo gidanmu ba, ko da zan manta sunana.

Ni ban yi boko ba. Da suyar fara na raini ƙanena Sabi'u bayan rasuwar iyayenmu a Kiyawa, har ya zama malamin jami'a a Kano. Da yajin aiki ya rufe jami'ar zamanin soja, sai ya ɗauko kejinsa ya dawo wurina a Dutse. Me ke cikin kejin? Fara. (Na yi dariya har na ƙware. Duk wahalar da na sha, ashe sana'ata ya je karantowa.)

Ya ce yana binciken yadda jijiya ke gaya wa ƙafar fara ta yi tsalle. Shekaru ya yi yana kiwon su, duk zuriya ɗaya, wasu har da siririyar waya a cinya. Da su zai samu digirin zama dakta.

"Yaya, don Allah kada ki taɓa su."

Na ce to. A raina kuwa fara fara ce.

A ranar, Sabi'u ya tafi tasha taryen Farfesa, malaminsa, wanda zai duba aikin ya sa hannu kafin ya bar ƙasar. Na leƙa tukwane, ba komai sai garin masara. Babban baƙo tun daga Kano, in sallame shi da ruwa? Sai idona ya faɗa kan kejin. Ga su nan ɓul-ɓul, sun ƙoshi da latas ɗin da ni ban samu ba. Na ce gobe in shiga gona in kamo masa ninkinsu.

Na cire fiffike, na tafasa, na soya, na barbaɗa yaji. Ban taɓa suya mai kyan wannan ba.

Suna zama na ajiye faranti. Farfesa ya yi bisimilla ya kai baki.

"Hajiya, rabona da irin wannan tun ina yaro!"

(Ban je Makka ba, amma ban gyara masa ba.)

Sabi'u ma ya ci. Yana cikin bayanin jijiyoyi sai Farfesa ya tsaya da tauna, ya sa yatsa ya zaro wata 'yar waya daga haƙorinsa. Ya dube ta. Ya dubi Sabi'u. Sabi'u ya miƙe a hankali ya shiga ɗaki. Muka ji ƙarar kejin da babu komai a ciki.

Ni kuma, da bakina, na ce, "Ranka ya daɗe, gobe zan kamo wasu."



Farfesa ya tafi bai sa hannu ba, bai kuma dawo ƙasar ba. Sabi'u ya sake kiwo, wani zafi ya kashe su. Ya haƙura. Yanzu yana koyar da yara a wata sakandare wajen Taura, kansa duk furfura, ba wanda ke ce masa dakta.

Bai taɓa yi mini gori ba. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Duk Sallah yana zuwa ya durƙusa ya gaishe ni, ya ci duk abin da na dafa, ban da abu ɗaya.

Har yau ina suya, da me zan ci? Amma kafin in zuba komai a mai, sai na tambaya ko yana karatu.