La'asar a Kan Kayan Aro

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar da na yi a Lyon ba, ina sabon zuwa daga Maradi. Lokacin ina koyon aiki a wani gidan adana kayan tarihi, kuma kammala digirina ya rataya ne ga shaidar da shugabar gidan, Madam Perrin, za ta ba ni.

A makon nan muna shirin baje kolin kayan gargajiya da aka aro daga wani gidan tarihi na kudancin Aljeriya: tukwane, azurfar amare, saƙe-saƙen ulu. Wata dattijuwa, Hajiya Zuhura, ita ta rako kayan, kuma ko ƙura ba ta yarda ta sauka a kansu ba.

Ana ta hidima sai na ga la'asar za ta kuɓuce mini. Salla a wurin aiki kuwa, a ƙasar nan, ba abin da ake yi a fili ba ne. Na yi alwala a ɓoye, na leƙa wani ɗan ɗaki na baya, ba kowa. A ƙasa ga wata jar shimfiɗa mai tuntaye, an baza ta lafiya lau. Na ce a raina lalle wani Musulmi ya riga ni gano wurin nan (har addu'a na yi masa). Na cire takalma, na kabbara.

Goshina na taɓa ulun nan, ƙararrawar tsaron kayan tarihi ta ɓarke.

Na ji gudu a baranda, na ji an banko ƙofa. In yanke salla? In ci gaba? Na ci gaba, Fatiha na sarƙewa a bakina. Malam Idirisa, mai gadinmu ɗan Cadi, ya matso bayana yana raɗa, "Ƙanena, gaggauta don Allah, ga Madam nan." Ita kuwa ina jin ta tana tambaya da Faransanci ko a janye ni ne. Sai muryar Hajiya Zuhura ta ce a bar ni in gama, kada a ja zaren ya tsinke.

Ban taɓa sanin raka'a huɗu na da tsawo haka ba. Da na sallame dama, na ga ma'aikata cike da ƙofa. Na sallame hagu, sai ido huɗu da Hajiya Zuhura.

Ta matso kusa da shimfiɗar. Ta sa farar safar hannu, ta durƙusa, ta bi saƙar nan zare-zare, ni kuwa ina tsaye ba takalmi ina tunanin abin da zan gaya wa babana in an kore ni. Can ta miƙe ta shaida wa Madam cewa ba abin da ya lalace. Sannan ta juyo gare ni.

"Allah ya karɓa, ɗana. Amma wannan ba darduma ba ce, adon raƙumin amarya ne. Alƙibla kuma tana bayanka."

Ba a kore ni ba. An dai mayar da ni wurin karɓar rigunan sanyin baƙi har aka rufe baje kolin, kuma sai da na rama sallar a gida.

Tun daga ranar, duk shimfiɗar da na gani ta cika kyau kuma ba kowa a kanta, sai na tambayi ta wace dabba ce kafin in cire takalmi.